Fayil ɗin da Na Ɗora a Sama

Matso kusa, ɗana, ka zauna nan inda inuwa take, in ba ka labarin aikin da kuke yi wa dariya. Na ji ku ran nan bakin shagon caji kuna cewa aikin masinja ba aiki ba ne, ɗauko nan ne kai can. Ban tanka ba, don ni ba mai son surutun waje ba ne, in ba masallaci ko jana'iza ba, da wuya ka gan ni nesa da ƙofar gidan ga. Amma kunnena bai tsufa ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaukar fayil a sakatariyar wata ƙaramar hukuma cikin garin ga, ba zan kama sunanta ba. A can na gane cewa rijiyar da anka gina da wadda ba a gina ba, sau da yawa abin da ya raba su bai wuce hannun da ya jera takardu da safe ba.

Aikina na farko fayil goma sha biyu ne. Baba Altine, tsohon masinjan da anka haɗa ni da shi, mutumin Unguwar Rogo, gajere mai jan baki don goro, shi ya nuna mini su a rajista, ɗakin da ake ajiye takardu, ya ce in kai ofishin Sakatare. Na tattara su yadda na iske su, na rungume kamar mai ɗaukar itace. Ban kai ƙofa ba ya riƙe mini gefen kaki.

"Ladan, ina za ka da su haka?"

"Inda ka ce, Baba."

"Wane na sama?"

Na ce ban duba ba.

"To aje su. Ka kusa hana wani ruwan sha ba ka sani ba."

A nan ya zaunar da ni. Ya ce Sakatare ba shi shigowa sai hantsi ya ɗaga. Kafin shi zauna, masu gaisuwa sun cinye rabin safiyar. Abin da ya rage zuwa kiran Azahar shi ne lokacin sa hannu, don bayan salla da tuwo hannu ba shi komawa yadda yake. Fayil biyar ko shida na sama su ake karantawa da ido buɗe. Sauran sai gobe, goben kuma sababbi sun hau kansu. Kason kuɗin da ke zuwa daga sama duk wata, albashi ke lashe mafi yawansa, ɗan abin da ya rage kuwa na wanda takardarsa ta riga fitowa ne. Kansiloli na iya wuni suna ɗaga murya a zauren taro, wannan na cewa asibiti, wancan na cewa rumfunan kasuwa, amma ba su da abin gardama sai abin da ya iso gabansu. Abin da ya iso gabansu kuma ta tebur ɗin Sakatare ya biyo, tebur ɗin Sakatare kuwa mu muke jera shi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kaki biyu, keke, benci a bakin ƙofa, littafin da ake sa maka hannu in ka kai takarda, da igiyar ɗaure fayil. Littafin nan kada ka yi wasa da shi, ranar da takarda ta ɓace shi kaɗai ne ɗan'uwanka. Bokona aji huɗu ne, kafin in haɗa abin da ke bayan fayil an daɗe da buga mini ƙararrawa. Sai Baba Altine ya koya mini alamar goro. Ka tauna, ka taɓa yatsa a baki, ka ɗiga a kusurwar baya ta ƙasa inda ba mai dubawa. Ɗigo ɗaya maganar ruwa ce, biyu ta asibiti, uku ta makaranta. Na kujeru da labule da fenti ba a ɗiga musu komai, su ba su ɓacewa.

Sai kunne. Wannan ba wanda ya koya mini, Allah ya ba ni. Ina bisa benci, ƙofa a rufe, ina jin tafiyar biro a kan takarda. In na ji gajeren karce sannan tambari ya faɗi, an amince. In biro ya yi ta tafiya kamar mai rubuta wasiƙa, an mayar da mutum baya ke nan, shi je shi nemo wata takarda. Tsofaffi masu bin fansho sukan zauna kusa da ni suna kallon fuskata, tun kafin a buɗe ƙofa na gaya wa mutum ko shi jira ko shi tafi gida shi huta.

Masu zuwa wurinmu iri uku ne. Akwai masu unguwanni da takardun koke, su addu'a suke biya da ita. Akwai kansiloli, su ba su ganinka sai ranar da suke da fayil. Sai 'yan kwangila, masu goro. Ba zan zauna nan in ce maka ban taɓa karɓa ba, na karɓa, na kuma taɓa ɗaga fayil daga na tara zuwa na huɗu. Amma ƙa'idata ita ce ba ni kai goron ɗan kwangila baki sai na san wane fayil ne nashi da kuma wane zai danne. Duk wanda ya gaishe ka sau biyu kafin Azahar, tambayi kanka mi yake nema. In ya tambayi lafiyar iyali da sunayensu, to abin babba ne.

Yanzu bari in zo kan mugunyar shekarar.

A lungunmu ga, can ƙarshe inda ka ga filin da awaki ke kwanciya, ɗakin Inna Kulu ne a da. Tsohuwa ce mai daddawa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiyarta guda na aure wajen Kalambaina. Ita ta yi wa maiɗakina wankan jego har sau huɗu. Da anka zo anka yi titin baya, sai anka ɗaga shi ya fi lungu tudu, ba a bar wa ruwa hanya ba. Damina ta farko ruwa ya taru ya kwanta jikin bangonta na ƙasa har ya ci gindinsa. Kowa ya ga cewa ba zai ɗauki ta biyu ba. Abin da ake buƙata kwalbati ne guda, ɗan ƙarami, shi ratsa ƙarƙashin titin. Mai unguwa ya sa anka rubuta koke, injiniya ya zo ya auna, anka buɗe fayil. Ni da kaina na ɗiga mishi goro ɗaya. Saura sa hannun Sakatare, sannan shi shiga cikin ayyukan da majalisa za ta raba wa kuɗi kafin saukar ruwa.

Inna Kulu ta tare ni bakin ƙofa da ƙullin daddawa.

"Ladan, an ce takardar tana hannunka."

"Tana hannuna, Inna. Ki ɗauka an yi."

"Kada ka ce an yi. Ka ce in Allah ya so."

"In Allah ya so. Amma ni ke jera su."

Ka ji abin da na faɗa da bakina.

A daidai lokacin anka kawo mana sabon Sakatare daga wata ƙaramar hukuma. Dogo ne, siriri, mai gilashi, ba shi cin goro, ba shi son a daɗe wurin gaisuwa. Baba Altine ya riga ya aje aiki, ni ne babba a bencin. Ranar farko na ɗora fayil ɗin kwalbati a saman tuli, na aje, na rusuna, na fito. Ina zama na ji ƙarar durowa, ta buɗe ta rufe. Na ce a raina gilashin karatu yake ɗaukowa. Biro ya yi ta aiki har Azahar. Da La'asar na shiga kwasa, na iske fayil ɗin Inna Kulu cikin waɗanda za a mayar rajista, ba karce, ba tambari. Na ce ranar farko ce. Washegari na sake ɗora shi sama. Haka ya dawo.

Cikin wannan mako Alhaji Buba ya shigo. Ɗan kwangila ne, ya fi shekara goma shina ce mini Baba Ladan, shina tambayar yara da sunansu. Fayil ɗinsa na sake ƙofar sakatariya ne, a yi mata ginshiƙai, a shafe shinge da fenti, a canza kujerun zauren taro. Ranar nan ya zo, mutane cike da baranda, na miƙe zan gaishe shi, sai ya ture takalmina da ƙafa.

"Kai ɗan aike, kauce mini a hanya. An aje ku nan kamar tsofaffin kujeru."

Na kauce mishi. Masinja ba shi rama magana da baki, shina da inda yake ramawa. Da safe na ɗauki fayil ɗin Alhaji Buba na kai shi can ƙasan tuli, na danne shi da guda goma sha huɗu. Na ce sai damina ta wuce shi ga hasken rana.

Ranar da na kai shi, ranar ya fito da tambari.

Daga nan na daina yarda da kowa. Na fara da Hajara mai buga takardu, don ita kaɗai ke shiga ofishin bayan na fito. Na tsare ta bakin famfo.

"Hajara, tsakaninki da Allah, in kin shiga kina taɓa tulin nan?"

"Baba Ladan, ni da ko shayi ba a ba ni a ɗakin? Mutumin da in na aje takarda sai ya juya bayanta ya duba kamar na ɓoye kunama?"

"Alhaji Buba bai ba ki komai ba?"

"Ya ba ni, ya ba ni haushi. Kai dai ka tsufa da zargi."

Ban yarda da ita ba. Na koma kan akawun rajista, na riƙa isa tun kafin shi buɗe, ina tsaye a kansa har shi miƙo mini fayil ɗin. Na koma kan injiniya, ko ya cire wata takarda daga ciki don a ce bai cika ba. Na ƙirga shafuka da yatsa, suna nan. Sai na yi dabara. Na karyo ɗan tsinken tsintsiya na soke ƙarƙashin ƙullin igiyar, yadda in an kwance dole shi faɗi. Da La'asar na duba, tsinkena na nan. Mako guda cur tsinken bai motsa ba. Ke nan ba ƙin sa hannu ake yi ba, buɗewa ma ba a yi. Na ce to lallai wani babba ya yi wa Sakatare magana a kunne. Na zargi kansilan mazabarmu, na zargi mai unguwar da ya rubuta koken, har limamin da ke zuwa gaishe shi ran Juma'a ban bari ba. Kullum kuma ina ɗora fayil ɗin a sama, kullum ina jin durowa ta buɗe ta rufe, ina cewa gilashi ne. Mako bakwai.

Ana cikin haka, wata Asabar da hantsi, mota ta tsaya bakin lungun ga. Direban Alhaji Buba ya fito da ƙwaryar goro lulluɓe da ganye, ya riƙa tambaya da ƙarfi ina gidan Baba Ladan masinja. Ya dire ta a zaurena ya ce Alhaji na godiya, ya ce na iya aikina. Kafin in nemo takalmi in bi shi da ita, mota ta tashi. Duk lungu an gani.

Da yamma na bi ta ƙofar Inna Kulu, tana zaune tana tsintar kalwa cikin faifai. Ba ta ɗago ba.

"Ladan, na ji an kawo maka goro."

"Inna, wallahi ban san dalilinsa ba."

"Fari ne ko ja?"

"Inna, kullum takardarki ce a sama. Kullum."

"To. Ni daddawa gare ni, ba ta kai goro ba."

Majalisa ta zauna, ta raba abin da za ta raba. Ƙofa da fenti da kujeru sunka shiga, don su ke gabansu. Ba wanda ya ƙi kwalbati, ba wanda ya san da shi.

Ruwa na uku na daminar ya sauko wata Laraba bayan Azahar. Ina bisa benci ina kallon masu fenti suna gudu da bokitai. Da ya tsagaita na hau keke, ban jira tashi daga aiki ba. Na iske lungu ruwa har gwiwa, bangon bayan ɗakin Inna Kulu ya zauna, rufin ya bi shi. Allah ya sa tana zauren maƙwabta ta fake. Tukwanen kalwarta, gadonta, akwatin kayanta, duk suna ƙarƙashin laka. Anka tono abin da ya tonu. Kafin Magariba surukinta ya zo da a-kori-kura ya tafi da ita Kalambaina. Maza na ta aiki da shebur, ba wanda ya ce mini komai, ba kuma wanda ya miƙo mini shebur.

Washegari na yi abin da masinja ba shi yi. Na shiga da tulin, na aje, ban fita ba. Na tuɓe hula na durƙusa.

"Lafiya, Malam Ladan?"

"Ranka shi daɗe, tambaya gare ni. In ta yi tsauri a yafe mini. Fayil ɗin ga na sama, mi ya yi?"

Ya dube ni ta saman gilashi. A nan na lura gilashin na fuskarsa, da shi yake shigowa kullum. Sai ya sa hannu ya ɗebe guda uku na sama, ya ja durowa, ya zuba su, ya rufe. Ƙarar nan da na yi mako bakwai ina ji. Sannan ya kama sauran tulin ya kifar da shi, na ƙasa ya dawo sama.

"Ka gani? Duk inda na yi aiki haka nake yi. Na san masinjoji, saman tuli sayar da shi kuke yi. Ukun farko ba ni ko dubansu, daga ƙasa nake farawa, can ne marasa gata suke."

Ya sake jan durowar ya ɗauko na Inna Kulu, ya auna shi a hannu.

"Wanga kuwa na gane shi, kullum shi ne a sama. Na ce mai shi ba ƙaramin kashe kuɗi ya yi ba. Wa ya biya ka?"

"Ba kowa, ranka shi daɗe."

"Duk haka kuke cewa."

"Na wata tsohuwa ne a lungunmu. Jiya ɗakin ya faɗi."

Ya kwance igiyar, tsinkena ya faɗo bisa tebur. Ya karanta tun daga koken mai unguwa har awon injiniya, bai tsallake shafi ba. Na ji gajeren karce, tambari ya faɗi.

"An riga an raba na bana," in ji shi. "Sai dai baɗi. Mi ya hana ka yi mini magana tun farko?"

Na ce masinja ba shi magana kan fayil, haka anka koya mana. In ka yi, an ce an saye ka.

"Gaskiya ne," ya ce. "Da ka yi, da haka zan ce."

Sai daga baya na tuna cewa na biyu da na uku ma haka suke dawowa ba a taɓa ba, in na sauke su ƙasa washegari su fito. Abin na gabana kullum. Idona na kan fayil guda, hankalina na kan neman ɓarawo.

Hajara ce ta ƙarasa mini sauran. Ta ce ai Alhaji Buba ya yi shekara uku shina kwangila a ƙaramar hukumar da Sakataren ya baro. Ka haɗa da kanka. Mutumin da ya san Sakatare daga ƙasa yake farawa, ya kuma san abin da masinja ke yi wa wanda ya ci mutuncinsa. Ban da shaida, bai kuma taɓa faɗa ba. Amma bayan an gama fenti ya dawo shina ce mini Baba Ladan, shina tambayar yara da sunansu, kamar ba shi ya ture takalmina ba. Goron nan ma har yau ban yanke ba, ko godiya ce, ko so yake lungu su ɗauka da ni anka haɗa baki don kada in sami bakin magana.

Ran Juma'a na hau mota na tafi Kalambaina. Na iske Inna Kulu a tsakar gidan surukinta, ƙurar kamfanin siminti ta yi fari bisa ganyen darbejiya. Na gaya mata duk yadda anka yi, da durowa, da kifar da tuli, na ce yanzu an sa hannu, baɗi za a yi kwalbati. Ta saurara har na gama.

"To, Allah shi amfana wa masu ɗaki," ta ce.

An yi kwalbatin kuwa, ga shi can, ruwa na wucewa lafiya ta gefen filin awaki. Ita ba ta dawo ba, can ta cika bayan shekara biyu. Sakatare bai canza halinsa ba har anka ɗauke shi, ni na canza nawa: duk mai ɗigon goro sai in kai shi ƙasa. Wanda ya gaje shi kuma daga tsakiya yake zara, sai da na yi wata guda ina kasa kunne kafin in gane. Tun daga shekarar nan, in an kawo sabon mai tebur ba ni ɗora kowa ko'ina sai na san ƙarar kowace durowa a ɗakin.

To kai da ka ce ɗauko nan ne kai can, ga fayil goma sha biyar an miƙo maka gobe da safe. Na Inna Kulu na ciki, hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai tebur baƙo ne ba ka san halinsa ba, ba ka kuma da izinin buɗe baki. A ina za ka sa shi?